Gajiyar ƙarfe: Yadda alminiyam ya ɗaga jiragen fasinja sama, da darasin da aka koya da rayuka

Ranar 28 ga watan Afrilun 1988, wani jirgin sama ƙirar Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga garin Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawaii na Amurka, ɗauke da mutum 95. Tafiya ce gajera, wadda ba ta kai awa ɗaya ba.

Jirgin na kaiwa ƙafa 24,000 a sama sai rufinsa ya yaye. Wani yanki mai tsawon fiye da mita biyar, daga bayan ƙofar gaba, ya ɓalle ya yi nasa wuri. Fasinjojin da ke kujerun gaba suka tsinci kansu zaune a fili, babu komai a kansu sai sararin samaniya.

Iska ta fizge shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Clarabelle Lansing, wadda ke tsaye a lokacin, kuma har yau ba a ga gawarta ba. Mutum 65 sun ji rauni. Matuƙan biyu, Robert Schornstheimer da Madeline Tompkins, sun yi ta fama har suka sauke jirgin a tsibirin Maui bayan minti 13.

Masu bincike ba su sami bam ba, kuma babu guguwa a ranar. Abin da suka gano shi ne ƙarfen jikin jirgin ya gaji.

Wannan ƙarfe shi ne alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo ko goran-ruwa, ɗan'uwan wanda ake yin tukwane da gwangwanin lemo da tagogin gidaje da shi. Kusan shekara 90 ke nan da shi ake ƙera jikin mafi yawan jiragen fasinja na duniya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgi, abin da ya raba shi da iskar waje fallen alminiyam ne da a wurare da dama kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, wato kamar katin cirar kuɗi biyu a haɗe.

Lokacin da ake tashi da katako da yadi

Jiragen farko ba na ƙarfe ba ne. Wanda 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da shi a Amurka ranar 17 ga Disamban 1903, katako ne da yadi da waya. Amma ko a ranar alminiyam na wurin, domin da shi aka zuba gidan injin jirgin saboda a rage masa nauyi.

Haka ma jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, katako ne aka lulluɓe da yadi.

Dalilin jinkirin shi ne alminiyam tsantsa yana da laushi. Wanda ya taɓa matse gwangwanin lemo da hannu ya san haka. Sai a 1906 wani masanin ƙarafa Bajamushe, Alfred Wilm, ya gano maganin matsalar ba tare da ya shirya ba.

Wilm ya haɗa alminiyam da ɗan jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan maganiziyam, ya gasa haɗin, ya tsoma shi a ruwa. Da aka auna ƙarfinsa nan take, ba a ga wani abin a zo a gani ba. Sai aka bar shi ya yi kwana biyu, da aka sake aunawa aka tarar ya yi tauri da kansa. Haɗin ne aka sa wa suna duralumin, kuma shi ne kakan duk wani alminiyam da ake ƙera jirgi da shi a yau.

A 1919 kamfanin Junkers na Jamus ya fito da jirgin F 13, jirgin fasinja na farko da aka ƙera baki ɗayansa da ƙarfe. Mutum huɗu yake ɗauka, jikinsa kuma mai gurbi-gurbi ne kamar kwanon rufi.

Duk da haka kamfanoni ba su rabu da katako ba sai da aka yi asarar rai. Ranar 31 ga Maris ɗin 1931 fiffiken wani jirgi ƙirar Fokker ya karye a sama a jihar Kansas ta Amurka, mutum takwas suka mutu, ciki har da fitaccen kocin ƙwallo Knute Rockne. An gano cewa danshi ya shiga fiffiken na katako ya lalata gam ɗin da ke riƙe da shi. Daga nan hukumomi suka tsananta binciken jiragen katako, har riƙe su ya zama asara ga kamfanoni.

Bayan shekara biyu Boeing 247 ya fito, sannan a Disamban 1935 Douglas DC-3 ya biyo baya, dukkansu na alminiyam. An ƙera DC-3 fiye da 16,000 idan aka haɗa da na soja, kuma har yanzu akwai waɗanda ke tashi.

Me ya sa sai alminiyam?

Babban dalili nauyi ne. Idan aka ɗauki dunƙulen alminiyam da na baƙin ƙarfe masu girma ɗaya, na alminiyam bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ɗayan ba. A harkar jirgin sama, kowane kilo da aka rage a jiki, fasinja ne ko kaya ko man da aka ƙara.

Na biyu shi ne sanyi. A inda jiragen fasinja ke tafiya, tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 40,000, sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Wasu nau'o'in baƙin ƙarfe kan yi gautsi a irin wannan sanyi, su tsage farat ɗaya. Alminiyam ba ya haka.

Na uku, yana da sauƙin sarrafawa. Ana murje shi ya zama falle, a lanƙwasa, a huda, a fafe. Sannan yana wuce da wutar lantarki, saboda haka idan aradu ta faɗa wa jirgi, wanda kan faru kusan sau ɗaya a shekara ga jirgin da ke aiki kullum, wutar kan bi ta bayan jikinsa ta fita ba tare da ta taɓa na ciki ba.

Ba iri ɗaya ake amfani da shi a ko'ina ba. Injiniyoyi na kiran haɗe-haɗen da lamba. Akwai 2024, wanda ya fito a 1931, mai jan ƙarfe a ciki. Shi ya fi jure ja da saki, shi ya sa aka daɗe ana sa shi a fatar gangar jirgi da ƙasan fiffike. Akwai kuma 7075 mai tutiya, wanda ya fi tauri. Shi da danginsa ake sawa a saman fiffike, inda ƙarfen ke matsewa idan iska ta ɗaga fiffiken.

Jirgin Boeing 747, wanda ya daɗe yana jigilar alhazan Najeriya zuwa Saudiyya, yana ɗauke da alminiyam da ya haura tan 66 a samfurinsa na 747-400. Sassansa sun kai miliyan shida, rabinsu ƙusoshi ne da makamantansu.

Yawan ƙusoshin na da dalili. Zafin walda yana kashe taurin da aka sha wahala kafin a samu a irin wannan alminiyam, don haka ba a cika yi masa walda ba. Huda fallayen ake yi a ɗinke su da ƙusoshin ribiti. Wasu daga cikin ƙusoshin ma a firiza ake ajiye su bayan an gasa su, domin sanyi na hana su yin taurin nan da Wilm ya gano. Sai an zo bugawa a fito da su da laushinsu, su yi tauri bayan sun zauna a jikin jirgi.

Inda alminiyam ke da rauni shi ne zafi. Jirgin Concorde na Birtaniya da Faransa, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2003, an tsayar da gudunsa a kusan ninki biyu na saurin sauti, saboda hancinsa kan kai digiri 127, kuma idan aka wuce haka ƙarfen zai fara rasa ƙarfinsa.

Yadda ƙarfe ke gajiya

Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ko biyu ba za ta karye ba, amma idan ka ci gaba za ta karye, ko da ba ka ƙara ƙarfin hannu ba. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe.

Jirgin fasinja kuwa kullum cikin wannan lanƙwasa yake. A can sama iska ba ta isar mutum numfashi, don haka ake cusa iska a cikin jirgin, ta yadda fasinja zai ji kamar yana kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Wannan ke sa gangar jirgin ta kumbura kaɗan kamar balan-balan. Kowace murabba'in mita ɗaya ta jikinsa na ɗaukar matsin da ya haura tan biyar. Idan ya sauka kuma sai ta saki.

Tashi ɗaya da sauka ɗaya lanƙwasa ɗaya ke nan. Baƙin ƙarfe na da wata iyaka wadda idan nauyi bai kai ta ba zai iya jure ja da saki kusan har abada. Alminiyam ba shi da wannan iyaka. Komai ƙanƙantar nauyin, idan aka maimaita shi da yawa, wata rana tsaga za ta fito, kuma galibi daga bakin hujin ƙusa ko kusurwar ƙofa take farawa.

Abin da ya faru da Comet

Duniya ba ta fahimci girman wannan matsala ba sai a kan jirgin Comet na kamfanin de Havilland na Birtaniya, jirgin fasinja na farko mai injin jet. Ya fara aiki ranar 2 ga Mayun 1952 tsakanin Landan da Johannesburg. Yana tashi sama fiye da sauran jirage, ga sauri, ga rashin jijjiga. Birtaniya ta ɗauka ta riga kowa a wannan kasuwa.

Ranar 10 ga Janairun 1954 wani Comet ya tashi daga birnin Rum, bai yi rabin awa ba ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba. Mutum 35 suka mutu. Aka dakatar da jiragen, aka yi musu gyare-gyare bisa zato, aka mayar da su aiki a ƙarshen Maris. Ranar 8 ga Afrilu wani ya sake tashi daga Rum zai je Alƙahira, shi ma ya tarwatse a kan teku kusa da Naples, da mutum 21.

A wannan karo an hana jiragen tashi gaba ɗaya. Sojan ruwan Birtaniya suka tsamo mafi yawan tarkacen jirgin farko daga ƙarƙashin teku. A cibiyar binciken jirage ta Farnborough kuma, ƙarƙashin jagorancin Arnold Hall, aka gina ƙatuwar tankin ruwa, aka saka gangar wani Comet a ciki, ana cusa mata ruwa ana saki dare da rana, kamar jirgin na tashi yana sauka. An zaɓi ruwa ne domin idan gangar ta fashe ba za ta tarwatse ba, za a ga inda tsagar ta fara.

Jirgin gwajin ya riga ya yi tashi 1,221 na gaske. Da aka ƙara masa 1,836 a cikin tanki, jimilla 3,057, sai jikinsa ya tsage daga kusurwar wata taga ta ficewar gaggawa. A tarkacen jirgin Elba kuma aka ga tsagar ta fara ne daga hujin ƙusa kusa da wata ƙaramar taga ta na'urar rediyo da ke kan rufi. Wannan jirgi tashi 1,290 kacal ya yi.

An saba cewa tagogin fasinja masu kusurwa huɗu ne suka kashe Comet. Maganar ta fi haka faɗi. Fatar jirgin ta yi siriri, nauyi na taruwa a kusurwoyi fiye da yadda aka lissafa, ga kuma hujin ƙusoshi daf da wurin.

A shekarar 1958 da Comet ya dawo da sabon jiki, Boeing 707 ma ya iso, kasuwa ta koma Amurka. Sai dai an wallafa sakamakon binciken ga kowa, kuma duk masu ƙera jirage sun amfana. Tun daga lokacin ake zagaye kusurwar kowace taga da ƙofa. Ana sa wasu maɗaurai a bayan fatar jirgi domin su tare tsaga kafin ta yi nisa. Sannan kowane sabon samfuri sai an sadaukar da gangar jiki guda an yi ta wahalar da ita a ƙasa, fiye da tsawon rayuwar da aka tsara wa jirgin.

Tsufa, gishiri da gyaran ganin ido

To idan an koyi darasi a 1954, me ya faru a Hawaii a 1988?

Jirgin na Aloha shekararsa 19, wanda ba wani tsufa ba ne a harkar. Awannin da ya yi a sama 35,496 ne. Amma saboda aikinsa tsalle ne daga tsibiri zuwa tsibiri, ya yi tashi da sauka sau 89,680, alhali an tsara samfurin ne a kan 75,000.

Ga kuma iskar teku. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma haɗin da ke da jan ƙarfe ko tutiya a ciki yana zaizayewa, ya riƙa fitar da farin gari, musamman inda akwai gishiri da danshi. Shi ya sa tun 1927 ake lulluɓe fallayen da siririn alminiyam tsantsa, sannan a shafa musu fenti na kariya. A jirgin Aloha, gam ɗin da ke tsakanin fallaye biyu inda suka hau juna ya saki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Danshi ya shiga, nauyi duka ya koma kan ƙusoshi, ƙananan tsagogi suka fito a bakin hujojin da ke jere, har ranar da suka haɗe suka zama tsaga ɗaya.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora laifin a kan tsarin kula da jirage na kamfanin, wanda ya kasa gano ɓarnar. A 1991 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman kan lafiyar tsofaffin jirage. A 2010 kuma hukumar sufurin sama ta Amurka ta wajabta wa masu ƙera manyan jirage su fayyace iyakar tashi da sauka, ko awanni, da idan jirgi ya kai dole a ajiye shi, sai dai in an kawo sabuwar hujjar gwaji.

Gyaran da ba a yi daidai ba ma ya ci rayuka fiye da tsufa. A 1978 wutsiyar wani Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ta daki ƙasa wajen sauka, bangon baya da ke riƙe iskar cikin jirgin ya lalace. Ma'aikatan Boeing da suka yi gyaran sun sa faranti biyu a inda ya kamata a sa guda, hakan ya bar layi ɗaya na ƙusoshi yana ɗaukar nauyin layi biyu. Jirgin ya yi tashi fiye da 12,000 a haka. Ranar 12 ga Agustan 1985 bangon ya fashe, ya tafi da mafi yawan wutsiyar da bututan man da ake sarrafa jirgin da su. Mutum 520 suka mutu, huɗu suka tsira. Har yau shi ne hatsari mafi muni da ya shafi jirgi ɗaya tilo.

A 2002 an sake ganin irin haka a wani 747 na China Airlines, wanda ya tarwatse a sama da mutum 225, shekara 22 bayan wani gyaran wutsiya da ba a yi bisa ƙa'ida ba.

Yadda ake farautar tsaga

Sa'ar da aka yi ita ce alminiyam ba ya karyewa ba gargaɗi. Tsagarsa a hankali take girma, kuma injiniyoyi na iya lissafa saurinta. A kan wannan lissafi ake tsara lokutan bincike, ta yadda za a sami damar ganin tsaga fiye da sau ɗaya kafin ta zama haɗari.

Ba ido kaɗai ake dogara da shi ba. Akwai na'urar da ke aika wutar maganaɗisu cikin ƙarfe ta nuna tsagar da ke ɓoye a ƙarƙashin kan ƙusa. Akwai mai amfani da sautin da kunne ba ya ji, irin na hoton ciki a asibiti, akwai kuma hoton ƙashi.

Duk bayan shekara shida zuwa goma ake yi wa jirgi babban bincike. A cire kujeru da bandakuna da ɗakin girki da rufin ciki, wani lokaci har da fenti, a bar ƙarfe tsirara a bi shi gaba da baya. Aikin kan ɗauki makonni kuma yana cin miliyoyin daloli. Wuraren da aka fi samun zaizaya su ne ƙarƙashin bandaki da ɗakin girki da ɗakin kaya, inda ruwa da shayi da ruwan kifi ke ɗiga.

Wannan ne ma ya sa dokokin sufurin sama suka tsananta kan ɗaukar zaiba. Ɗigo kaɗan idan ya sami alminiyam yakan shiga jikinsa ya riƙa cin sa.

Zaren kabon ya zo, amma bai kori alminiyam ba

A 2011 Boeing 787 ya fara ɗaukar fasinja. Rabin nauyin jikinsa zaren kabon ne da aka daskarar da gam, alminiyam kuma ya koma kashi 20 cikin 100. A Airbus A350 zaren ya kai kashi 53, alminiyam 19. Idan aka kwatanta, Boeing 777 na farko kashi 70 ɗinsa alminiyam ne. Kamfanin jiragen Habasha ne ya fara kawo samfuran biyu Afirka, 787 a 2012, A350 kuma a 2016.

Zaren kabon ba ya zaizayewa, kuma ya fi jure ja da saki. Shi ya sa waɗannan jirage ke da manyan tagogi, iskar cikinsu ta fi danshi, fasinja ba ya galabaita sosai a doguwar tafiya.

Amma yana da tsada, ƙera shi na ɗaukar lokaci, kuma sai an saka masa ragar jan ƙarfe saboda aradu. Sannan idan motar kaya ta bugi jirgin alminiyam a filin jirgi, loɓawar za ta fito kowa ya gani. Zaren kabon kuwa yana iya komawa daidai a waje alhali ya rabu a ciki.

Don haka jiragen da suka fi yawa a duniya, dangin Boeing 737 da Airbus A320, har sababbin samfuransu gangar jikinsu alminiyam ce. Sabon 777X fukafukansa na kabon ne, gangarsa ta alminiyam. Masu narkar da ƙarfen ma ba su zauna ba. Sun fito da haɗin da ke da lithiyam, wanda kowane kashi ɗaya da aka zuba yake rage nauyi da kusan kashi uku. Da shi aka yi gangar Airbus A220, irin wanda kamfanin Ibom Air ke amfani da shi a Najeriya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani abin kuma shi ne ƙarshen rayuwa. Wani gwaji da Airbus ya jagoranta ya nuna ana iya sake amfani da kusan kashi 85 na nauyin tsohon jirgi. Sake narkar da alminiyam kashi biyar kacal yake ci na wutar da ake buƙata wajen yin sabo. Zaren kabon har yanzu ana neman hanyar da ta dace da shi.

Daga jar ƙasar Gini zuwa fiffike

Alminiyam ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, kimanin kashi 8 cikin 100, amma ba a samun sa tsantsa. Raba shi da dutse ya yi wuyar da a 1884, lokacin da aka ɗora ɗan ƙaramin dunƙulensa a ƙololuwar hasumiyar tunawa da George Washington, farashinsa na gogayya da na azurfa.

A 1886 wasu matasa biyu da ba su san juna ba, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa ya gano yadda za a raba shi da wutar lantarki. Su biyun an haife su a 1863, kuma sun rasu a 1914. Hanyarsu ake bi har yau.

Ana farawa ne da wata jar ƙasa mai suna boksit. Kimanin tan huɗu nata ke ba da tan biyu na farin gari, shi kuma ya ba da tan ɗaya na ƙarfe. Wannan tan ɗaya na cin yunit 13,000 zuwa 15,000 na wuta. Gidan da ke shan yunit 300 a wata sai ya yi kusan shekara huɗu kafin ya cinye haka.

Ƙasar Gini ce ta fi kowa arzikin boksit, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda aka sani a duniya. Sai dai ɗanye ake lodin mafi yawansa zuwa waje, musamman China. Ghana na da masana'antar narkarwa a Tema, Kamaru na da tata a Edea. Ta Najeriya da ke Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1997, amma mafi yawan shekarunta a rufe ta yi su, tsakanin matsalar iskar gas da shari'ar mallaka.

Fallaye da farantan da ake ƙera jirgi da su kuwa a wurare ƙalilan ake murje su, irin su Davenport a Amurka da Issoire a Faransa. Kowane falle na tafe da takardar da ke nuna tukunyar da aka narkar da shi da gwajin da aka yi masa. A wasu sassan fiffike, injin kan fafe kusan kashi 90 na farantin kafin a sami siffar da ake so, a tattara ɓarɓashin a mayar tukunya.

Abin da ya rage ga fasinja

Mutane kan tambayi shekarun jirgi idan suna son sanin lafiyarsa. Injiniya kuwa abin da zai fara tambaya shi ne sau nawa ya tashi ya sauka, a wane irin yanayi ya yi aiki, wa ya gyara shi, kuma ina takardun. Jirgi mai shekara 25 da ke doguwar tafiya sau ɗaya a rana yana iya fin mai shekara 15 da ke tsalle sau takwas a rana sauran ƙarfi.

Fasinja ba shi da hanyar ganin waɗannan takardu. Aikin kamfani ne da hukumar da ke sa ido a kansa, irin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, su tabbatar ba a ɗage babban bincike ba saboda tsadar dala, kuma ba a rufe tsaga da faci da fenti ba.

Amma akwai ɗan abin da ke hannun fasinja. Bayan hatsarin Aloha, wata mata da ke cikin jirgin ta shaida wa masu bincike cewa lokacin da take hawa ta ga doguwar tsaga a jikinsa kusa da ƙofa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta wuce ta zauna a kujerarta.

Ma'aikatan jirgi na da horon karɓar irin wannan magana su kai wa matuƙi. Idan abin da aka gani ba komai ba ne, an yi asarar minti biyar ke nan.